Amfilifayar Darakta da Kusurwar Falo

Ya kamata mai karatu ya sani tun da farko cewa mutumin da zan ba da labarinsa bai taɓa riƙe muƙamin darakta ba, ko da na riƙon ƙwarya. Maƙwabcina ne, ƙofarsa tana kallon tawa a saman benen da muke haya, saboda haka na san tarihin aikinsa ciki da bai. Ya yi aiki a gidan rediyo, wannan babu ja, amma a sashen motoci, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana raba wa direbobi makullai da safe, yana karɓa da yamma. Sai dai da yake ofishinsa ya haɗa bango da ɗakin watsa shirye-shirye, sai ya ɗauka cewa ilimin sauti ya shige shi ta cikin bulo. Bayan ya yi ritaya, duk zancen da aka ɗauko, ko da na tsadar albasa ne, sai ya gyara murya ya ce, "Mu da muka yi gidan rediyo." Mai Aski, wanda shagonsa ke ƙasan benen, shi ya laƙaba masa Darakta, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Abin da Darakta ya fi ji da shi a duniya shi ne wata tsohuwar amfilifaya, wato akwatin nan na ƙarfe da ke karɓar sauti daga rakoda, ya ƙara masa ƙarfi, ya miƙa wa sifika. Fuskarta kalar azurfa ce, nauyinta sai ƙato ya yi nishi, kuma a tsakiyarta akwai wani babban abin murɗa sauti wanda yake kira sitiyari. Ta yi tashe a zamaninta. Amma tun shekarar da ɓeraye suka cinye cikin sifikokinta ba ta sake cewa uffan ba. Kullum da safe yakan goge ta da ƙyalle, ya kunna ta don ya ga koriyar fitilarta, ya gyaɗa kai, ya kashe.

Da a ƙarƙashin gado take da babu mai damuwa. To, amma ta mamaye kusurwar falo da ke jikin taga, inda haske yake, inda kuma soket ɗaya tilo mai lafiya yake. Maiɗakinsa, Hajiya, tela ce mai yawan aiki, keken ɗinkinta na lantarki yana wani lungu tsakanin kicin da banɗaki. Daga kicin take jawo masa wuta da doguwar waya, kuma duk sa'ad da za ta yi ɗinki sai ta cire firji.

Ana nan, sai babbar 'yarsu, wadda ke aikin jinya a wani gari, ta aiko wa uban da sababbin sifika guda biyu. Aka turo kirana domin in shaida buɗe kwali, kasancewar ni tsohon shugaban makaranta ne, kuma a benen nan ba a yin wani abu mai muhimmanci ba tare da ni ba. Darakta ya fito da su, baƙaƙe, 'yan madaidaita. Ya juya bayansu, sai ya ɓata rai.

"Hedimasta, zo ka ga rashin kunyar zamani. Sifika da wayar wuta. Yaushe taya ta fara shan mai?"

Na bayyana masa abin da 'yar tasa ta faɗa, cewa kowace tana ɗauke da nata injin ƙara sauti a ciki, kuma da salula kawai za a haɗa su.

"Inji a cikin taya," in ji shi. "To, ba a gidana ba. A nan direba ɗaya ne, ga ta can a kusurwa. Za su koyi biyayya."

Hajiya tana tsaye a bakin kicin, da tef ɗin awo a wuya. Ta ce, "Malam, yarinyar nan ta ce ba sa bukatar wancan akwatin gawar."

"Akwatin me?"

"Ka ji ni sarai. Idona ya kusa mutuwa a lungun can, kai kuma kana kiwon ƙarfe a bakin taga."

"Wannan ƙarfen ya girmi aurenmu."

"Shi ya sa ya riga mu yin shiru."

Suka yi ta yi, har daga bisani Hajiya ta yanke magana. Ranar Asabar da la'asar matan ƙungiyarsu ta masu ɗinki za su yi taro a falon. Idan amfilifaya ta yi waƙa a gabansu da ƙarfin kanta, to kusurwa ta zama ta Darakta har abada, ba za ta ƙara ɗaga zancen ba. Idan ba ta yi ba, sai ta fita, keke ya shigo. Ni aka naɗa alƙali, na kuwa karɓa, domin ban ga wanda ya fi ni cancanta ba.

Darakta ya yi dariya har da riƙe ciki. "Asabar? Hajiya, ɗora ruwan shayi. Kafin ya tafasa kin ji badujala."

Ban da wayoyin wuta, wayoyin sauti biyu aka sako cikin kwalin. Ɗaya tana da kawuna ja da fari a kowane gefe, ɗayar kuma tana da siririn kai na sokawa a salula. A bayan amfilifaya akwai wasu noti inda ake ɗaure wayoyin tsofaffin sifikoki. Darakta ya gwada kawunan ja da fari a jikin notin, ya ga ba su da wurin shiga, sai ya shiga lungu ya ɗauko almakashi ya datse su.

"Almakashina ne wannan?" in ji Hajiya.

"Aron gaggawa ne, na aikin injiniya."

"Almakashin da ko takarda ba na bari a yanka da shi, shi ka sa wa waya?"

"Ai ya samu ƙarin girma ke nan. Daga yadi zuwa tagulla."

Ta karɓe abinta, ta duba bakinsa a hasken taga, ta yi ƙwafa, ta tafi da shi ɗaki ta kulle.

Ya fiƙe wayoyin da haƙori, ya murɗe su a jikin noti, ya soka ɗaya gefen a bayan sifikokin. Amma ya ƙi saka wa sifikokin wuta, domin a cewarsa ba a ba yaron mota makulli. Ya saka kaset ɗin badujala da yake ƙauna, ya danna, ya murɗa sitiyari. Kaset na juyawa, falo shiru kamar ɗakin jarrabawa. A daidai lokacin Mai Aski da Mai Kemis, wanda shi ma shagon magungunansa na ƙasa, suka hawo don ganin abin da ake ciki.

Mai Aski ya kasa kunne, ya ce, "Darakta, ko irin kiɗan nan ne da ake ji a zuci?"

"Ku ba ta lokaci," in ji Mai Kemis. "Tsoho ba ya miƙewa gaba ɗaya, sai ya dafa gwiwa."

"Ni dai na ga wayoyin wuta biyu suna reto a ƙasa," in ji Mai Aski.

"Dama abin da zan yi ke nan," in ji Darakta. "Ina gwada ku ne in ga mai lura."

Da yake soket ɗaya ne kuma na'urori sun yi masa yawa, sai ya je ya zaro doguwar wayar keken Hajiya mai bakuna da yawa, ya jona komai a kai. Ya sake murɗa sitiyari.

Abin da ya fito daga sifikokin nan ba zan kira shi kiɗa ba, domin ina girmama kalmomi. Wani gurnani ne haɗe da kakari, kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Dalili kuwa a fili yake ga mai hankali: sautin da amfilifaya ta riga ta ƙara wa ƙarfi shi aka ɗura wa injin da zai sake ƙara masa. Darakta ya ɗaga murya ya ce sauti ne yake share maƙogwaro. Ana cikin haka sai aka buga ƙofa. Maman 'Yan Biyu ce, maƙwabciyarmu ta ƙasa, da roba cike da tumatir da attaruhu.

"Sannunku da aiki. Ashe inji kuka kafa ba ku faɗa wa mutane ba? A niƙa min da laushi, don Allah."

Kafin Darakta ya samo amsar da ta dace da matsayinsa, tsiraran wayoyin nan biyu suka haɗu a bayan akwati. Aka ga tartsatsi, koriyar fitila ta mutu, wani ƙauri ya cika falo.

"Fiyus ne," in ji shi, yana kore hayaƙi da hula. "Alamar lafiya ce. Raggon inji ba ya ƙona fiyus."

"Ruwan shayi ya tafasa, Malam," in ji Hajiya daga kicin. "Har ya huce."

Kashegari ya tafi kasuwa ya samo fiyus, fitila ta dawo. Sai dai Hajiya ta ƙwace wayarta mai bakuna, ta ce yarjejeniya ba ta haɗa da kayanta ba, ni kuma a matsayina na alƙali na tabbatar mata da hakan. Darakta bai karaya ba. Ya kwance filogin kowace na'ura, ya tattara tsiraran wayoyi, ya cusa su duka a soket ɗaya, ya tokare su da tsinken ashana.

Na ce, "Darakta, ban yi karatun lantarki ba, amma wannan bai yi min kama da tsari ba."

"Hedimasta, kai alli ka sani. A gidan rediyo, da ashana muka watsa jawabai masu tarihi."

Ya danna makunni. Aka ji wata ƙara ɗaya, fau, sannan duk benen ya ɗauke wuta, daga sama har shaguna. Fanka ta tsaya. Wani rediyo da ke ihu a hawan ƙasa ya yi shiru a tsakiyar kalma. Jim kaɗan muka ji takun mutum mai nauyi a matakala. Mai Aski ne a gaba, injin askinsa a hannu, bayansa kuma wani jibgegen mahauci, da ƙyallen aski a wuya, gefe ɗaya na kansa fes, ɗaya gefen kuwa gashi cunkus.

Mahaucin ya cika ƙofa. Ya ce a hankali, "Wane ne injiniyan?"

Darakta ya waiga wajen kicin. "Hajiya, ana sallama."

"Ba ni ake nema ba, Darakta. Ni tela ce."

"Bawan Allah," in ji Darakta, yana ja da baya har ya jingina da amfilifaya, "gwaji muka yi na ƙarfin layin gidan nan, kuma ina baƙin cikin sanar da kai cewa gidan ya faɗi."

"Ni kuma a haka zan koma kasuwa?"

"Ai ya yi maka kyau ta wannan gefen. Ka riƙa ba masu sayayya dama."

Sai da na shiga tsakani, na yi amfani da muryar da nake tsayar da faɗan ɗalibai, sannan aka samu lafiya. Mai kula da gidan ya zo ya mayar da wuta, ya yi gargaɗi mai tsanani. Mai Aski kuwa ya koma shago ya kawo tasa wayar mai bakuna, ya ajiye a gaban Darakta, ya ce ba don ƙauna ba, don sana'arsa ta tsira.

Daga nan Darakta ya haƙura da noti, ya shiga gwada ramukan amfilifaya ɗaya bayan ɗaya. A gabanta, can ƙasa, akwai wani rami na saka abin sauraro na kunne. Ya tono wani tsohon kan ƙarfe daga aljihun tebur, ya soka siririyar wayar salula a ciki, ya tura a ramin, ya haɗa ɗaya gefen da sifikokin, ba don yana sa rai ba.

Sai ga badujala, tas, kamar makaɗan suna tsaye a falon. Ya murɗa sitiyari dama, sauti ya ƙaru. Ya murɗa hagu, ya ragu. Mai Kemis ya fara kaɗa ƙafa. Na dubi Hajiya, na ga ta tsaya da cokali a hannu, ta dubi kusurwar, ta dubi lungunta. Ni kaina na ɗauka shari'a ta ƙare.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Darakta, kada ka ƙara taɓa komai."

Ya ja da baya zuwa bakin ƙofa domin ya ƙare wa aikinsa kallo. Waya ta fito daga fuskar amfilifaya, ta sauko, ta yi lanƙwasa a kan tebur.

Mai Aski ya ce, "Ta yi fa. Sai dai ta yi kama da majinyacin da aka sa wa roba a hanci."

"Ai ramin abin kunne ne wannan," in ji Mai Kemis. "Na masu jin waƙa a ɓoye kada a tashi jariri."

Fuskar Darakta ta canza. Ya tako ya fizge wayar, kiɗa ya yanke.

"Ba zan nuna wa matan unguwa amfilifayata da roba a hanci ba. A gidan rediyo duk waya ta baya take bi. Motar kirki ba a jan ta da igiya ta gaba."

Na ce, "Darakta, waƙa aka ce, ba ado ba."

"Gaskiyar Malam ce, Hedimasta," in ji Hajiya, da wata murya mai taushi da ban taɓa jin ta yi ba. "Mutum kamarsa, a ce ta ramin yara ya bi? Ai bai dace da darajarsa ba."

Darakta ya dube ta da mamaki, ya ce wannan ce magana mafi hankali da ta yi tun da aka kawo kwalin. Ta ce ta gode, ta koma kicin tana 'yar waƙa.

Ranar Juma'a ya nemo kawunan ja da fari da ya datse, ya karɓo filasta a wurin Mai Kemis, ya ɗaure su a jikin wayarsu kamar mai ɗorin karaya. Ya durƙusa a bayan amfilifaya da tocila a baki, yana soka su a kowane rami. A ƙarshe ya dace da wasu ramuka biyu, sai kiɗa ya fito a hankali, mai daɗi, kuma babu waya ko ɗaya a gaba. Nan take ya tsayar da kaset.

"Ba za ka gwada sitiyari ba?" in ji ni.

"Ba a gajiyar da mota ana gobe tafiya."

Abin da babu wanda ya sani a cikinmu a lokacin, sai daga baya 'yar tasa ta bayyana mana, shi ne cewa waɗannan ramuka na naɗar kaset ne. Sautin da ya shigo daga rakoda yakan fita ta nan yadda ya shigo, bai bi ta inji ba, bai bi ta sitiyari ba, kamar fasinjan da ya shiga tasha ta wannan ƙofa ya fita ta waccan ba tare da ya hau mota ba. Abin da ya sa kiɗan ya fito a hankali kuwa shi ne, a bayan kowace sifika akwai nata ɗan abin murɗawa, kuma a ƙasa suke.

Da safiyar Asabar Darakta ya gano waɗannan 'yan abubuwa. Ya murɗa su har ƙarshe.

"Na me ne wannan kuma?" na tambaya.

"Na ƙwace musu iko ne. Su ba da duk ƙarfinsu, direba ne zai ce ga yadda za a yi da shi."

La'asar na yi, falo ya cika. Matan ƙungiya suka zauna a kujeru da kan darduma, kowace da kofin shayi. Shugabarsu, wata dattijuwa mai tabarau da kowa ke kira Goggo, ta zauna a babbar kujera dab da sifika ta dama. Labari ya riga ya zaga, saboda haka Mai Aski da Mai Kemis sun rufe shaguna, Maman 'Yan Biyu ta samu wuri a bakin ƙofa, matakala kuma ta cika da masu leƙe. Darakta ya fito da kwat ɗinsa ta zamanin aiki, wadda maɓallinta na tsakiya ya daina saduwa da raminsa.

"'Yan uwa mata, maƙwabta, da mai girma alƙali," in ji shi. "An ce wannan na'ura ta mutu. An kira ta da sunan da ba zan maimaita ba a gaban baƙi. Yau za ku ga bambancin ƙarfen da da robar yanzu. Ku lura, sitiyari yana kan sifiri. Zan fara da raɗa, yadda ko sauro zai yi kishi, sannan in ɗaga a hankali."

"A taƙaita, Malam," in ji Hajiya. "Muna da ajanda."

Ya kunna amfilifaya, koriyar fitila ta kama. Ya ɗaga yatsa sama, ya sauke shi a kan rakoda.

Na halarci faretin makarantu da yawa a rayuwata, amma ban taɓa jin an busa ƙaho a cikin ƙashin kaina ba sai ranar. Ganga ta daki bango, gilashin taga ya ɗauki rawa. Kofin Goggo ya tashi sama, shayin ya sauka a cinyar ma'ajiyar ƙungiya, wadda ta miƙe ta taka ƙafar sakatariya. Hoton bikin ritayar Darakta ya zame daga ƙusa. Masu leƙe a matakala suka juya da gudu suka haɗu da masu hawowa. A titi wata mota ta fara kuka da kanta.

Darakta ya yi murmushin wanda ya san abin da yake yi, ya kama sitiyari ya murɗa hagu. Dama a sifiri yake. Ya murɗa dama, ya dawo hagu, kiɗa ko gezau. Ya sa hannu biyu, ya tokare ƙafa da tebur, ya murɗa da ƙarfin da ya rage masa, sai sitiyari ya fita a hannunsa.

"Ka taka birki!" in ji Mai Aski, da hannaye a kunne.

Darakta ya danna makunnin amfilifaya. Koriyar fitila ta mutu a gaban idon kowa. Badujala ta ci gaba, har ma a lokacin ne masu ƙaho suka shiga da kyau. Ya durƙusa ya fizge filoginta daga wuta, ya miƙe da shi a hannu. Kiɗa bai ko yi tuntuɓe ba.

Hajiya ce ta ɗebi filolin kujera ta danne fuskar sifika ɗaya, Goggo kuma ta cire mayafinta ta naɗe ɗayar, sannan ta zauna a kai. Sauti ya koma can ƙasa-ƙasa, yadda za a iya jin magana. Falo ya yi tsit, ban da ganga da ke bugawa a ƙarƙashin Goggo. Kowa ya zuba wa Darakta ido: sitiyari a hannun dama, filogi a hannun hagu, wayarsa tana lilo.

Mai Kemis ya ce, "Darakta, wannan filogin na wane ne?"

Duk wani mai tawali'u da a nan ya sunkuyar da kai. Amma na ga idon Darakta ya yi haske, irin na mutumin da dabara ta faɗo masa. Ya ɗaga filogin sama domin na matakala su gani.

"Madalla da ka tambaya. Wannan shi ne abin da na ɓoye muku har ƙarshe. Duk mako guda kuna dariya, ba ku san abin da nake ƙerawa ba. Jama'a, ga amfilifaya ta farko da ba ta bukatar wutar lantarki. Kun ga fitila a mace, kun ga filogi a hannuna, kuma kunnuwanku sun shaida."

"Sun shaida kam," in ji Goggo. "Na dama ma ya tafi ba da labari, bai dawo ba."

Hajiya ta miƙe, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Ta ce, "Malam, maimaita don alƙali ya ji. Ba ta bukatar wuta?"

"Ko ɗigo."

"Ko gobe? Ko jibi?"

"Har abada. Aikin da na yi ba na kwana ɗaya ba ne."

"To, Allah ya ƙara basira. Tunda ba ta bukatar wuta, me take yi a bakin soket? Kekena dai jahili ne, bai yi gidan rediyo ba, sai da wuta yake aiki."

Matan suka kwashe da dariya. Darakta ya dubi filogin kamar wani ne ya saka masa a hannu. Sannan ya juyo gare ni.

"Hedimasta, ai ta yi waƙa. Kowa ya ji."

Na miƙe, na gyara tabarau, na yi bayani kamar yadda amana ta wajabta. Na ce a gaban kotu akwai hanyoyi biyu. Ko dai amfilifaya ba ta da hannu a kiɗan da muka ji, wanda ke nufin ba ta cika sharaɗi ba, sai ta bar kusurwa. Ko kuma maganar Darakta gaskiya ce, ta yi kiɗa ba da wuta ba, wanda ke nufin za ta iya yin sa daga ko'ina, sai ta bar kusurwa. Na ba shi zaɓi ya ɗauki wadda ta fi masa daɗi.

Ganga na ci gaba da bugawa a ƙarƙashin Goggo. Darakta ya saka sitiyari a aljihun kwat, ya ce ya zaɓi ta biyu.

Ba a ɓata lokaci ba. Mai Aski da Mai Kemis suka kama amfilifaya, suna nishi, suka nufi ɗaki da ita, Darakta yana biye yana ba da umarnin yadda za a sha kwana. Matan ƙungiya suka shiga lungu suka turo keke, Maman 'Yan Biyu ta share wurin, Hajiya ta saka filogin keken a soket da hannunta, ta zauna, ta dubi taga. Aka haɗa rakoda da sifikokin kai tsaye, aka rage su, aka ɗora su a kan kantar bango, aka buɗe taro.

Ina shirin fita sai Darakta ya tare ni a bakin ƙofa, gumi ya jiƙa masa kwala. Ya rage murya.

"Hedimasta, na san halinka, sai ka rubuta wannan abu."

"Mai yiwuwa ne."

"To, in za ka rubuta, ka rubuta daidai. Ba korar ta aka yi ba. Ni na sauya mata wurin aiki zuwa saman kabad, bisa cancanta."

Na yi masa alkawarin zan rubuta, ga shi kuwa na rubuta.